Shaƙiƙa: ƙwayar da nake haɗiya kullum ce ke dawo min da ciwon

Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana mata na nan Jidda, musamman mu masu sana'ar turaren wuta da humra. Shekara 14 ke nan ina fama da ciwon ɓarin kai, wanda Larabawa ke kira shaƙiƙa. Nawa yakan yi sallama kafin ya shigo: wani ƙyalli-ƙyalli ya yi ta rawa a gefen idona kamar minti 20, sannan ɓarin dama ya kama bugawa sai ka ce ana daka a turmi. Ga tashin zuciya, ko hasken waya ba na son gani. Sai in ja labule in kwanta, wani lokaci har kwana biyu.

Gwaggona ta ce iska ce, maƙwabciya ta ce kambun baka. Na yi ƙaho, ban kuma raina shi ba, tunda ya zo a Buhari cewa Annabi (SAW) ya yi ƙaho a kansa saboda shaƙiƙa. Amma gaskiya saidaliyya, wato kantin magani, na fi riƙewa. Farasitamol mai haɗin kafin, sinadarin nan da ke cikin gahawa, ba ya rabuwa da jakata, biyu da safe, biyu bayan la'asar, har ciwon ya zama na kullum.

Da na ga likita, tambayarta ta farko ita ce: "Hajiya, kwana nawa a wata kike shan ƙwaya?" Na yi shiru, don kwanakin da ban sha ba sun fi sauƙin ƙirgawa. Ta ce wanda ke shan farasitamol ko ibufurofen kwana 15 a wata, ko masu haɗin kafin kwana 10, har wata uku, maganin da kansa ke iya zama sanadin ciwon. Ta sa na daina. Sati biyun farko na sha azaba, har na yi niyyar komawa ruwa. Ta ɗora ni kan furofuranolol na rigakafi, ta ce ba a yanke masa hukunci sai an yi wata biyu zuwa uku, da sumatiriftan na lokacin da ciwon ya taso, wanda ta ce ba a ba mai ciwon zuciya.

Ta kuma sa ni rubuta ranakun ciwon a kalanda. Nan asirina ya tonu, ashe ciwon na da ranakunsa: ranar da na soya turare a rufaffen kicin, ranar da na wuce karin kumallo, kwanakin al'ada, da farkon azumi idan na yanke gahawa lokaci guda. Yanzu a kan soro nake suya, bayan magariba, da gorar ruwa a gefe.

Sai dai ba kowane ciwon kai ake jinya a ɗaki ba. Idan ya faɗo farat ɗaya da tsananin da ba a taɓa ji ba, ko ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko baki ya karkace, hannu ya mutu, a kira motar asibiti ta 997 nan take.

Mai karatunku,
daga Jidda