Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga George W. Bush, Tsohon Shugaban Amurka

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta girmamawa. A watan Mayun 2022, a birnin Dallas, ka tashi za ka caccaki Putin, sai bakinka ya suɓuce ka ce mutum ɗaya ne ya ƙaddamar da mamaya ta zalunci marar hujja a kan Iraƙi. Nan take ka gyara, ka ce Yukiren kake nufi, ka ɗora wa tsufa laifi, jama'ar zauren suka kwashe da dariya. Ni dai dariyar ba ta zo mini ba.

Ina saurayi a Damagaram ranar 5 ga Fabrairun 2003, lokacin da ka tura sakataren harkokin wajenka Colin Powell gaban Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya zargi Saddam Hussein na Iraƙi da ɓoye makaman ƙare dangi da haɗa kai da Alƙa'ida. A teburin mai shayi muka ji labarin, daga wata tsohuwar rediyo da aka ɗaure murfin batirinta da roba. Gardama ta kaure. Wasu suka ce biri ya yi kama da mutum: wanda ya watsa wa Ƙurdawan Halabja iskar guba a 1988, me zai hana shi haɗa kai da Alƙa'ida? Wani dattijo tela da ke gefe ya ajiye kofinsa ya ce, "To, wa ya gani da idonsa?" Aka yi masa caa, wai bai san duniya ba.

Ashe tambayar tela ita ce tambayar. Maganar cewa Iraƙi ta koya wa 'yan Alƙa'ida sarrafa makamai masu guba ta fito ne daga bakin Ibn al-Shaykh al-Libi, wani fursuna ɗan Libiya wanda kuka miƙa wa Masar aka gana masa azaba. Wanda ake duka ai ko cewa aka yi shi ya haifi Fir'auna zai amsa. Tun a 2002 hukumar leƙen asirin sojanku ta nuna shakku a kan zancensa, kuma a farkon 2004 ya janye shi. Ganawar da mataimakinka Dick Cheney ya yi ta nanatawa, wai Mohamed Atta, jagoran maharan 11 ga Satumban 2001, ya sadu da jami'in Iraƙi a birnin Prague, ita ma ta tashi a labarin ƙanzon kurege. A cikin mahara 19 na ranar 11 ga Satumba, 15 'yan Saudiyya ne, babu ɗan Iraƙi ko ɗaya. Kwamitin binciken harin ya faɗa a 2004 cewa bai ga shaidar aikin haɗin gwiwa tsakanin Saddam da Alƙa'ida ba.

Mu ma sai da aka shafa mana kashin kaji. Aka ce Saddam na neman yuraniyom a Nijar, har ka ambaci Afirka a jawabinka na Janairun 2003, alhali tsohon jakadanku Joseph Wilson ya zo Yamai bincike tun Fabrairun 2002 ya koma ya ce zancen ba shi da tushe. A Maris 2003 Mohamed ElBaradei, shugaban hukumar nukiliya ta duniya a lokacin, ya bayyana cewa takardun da aka kafa hujja da su na jabu ne. Ɗaya daga cikinsu ma tana ɗauke da sa hannun wani ministan Nijar da ya bar kujera tun 1989. Duk da haka ranar 20 ga Maris bama-bamai suka fara sauka a Bagadaza.

Ba na raina tsoron da ya kama ku. An kashe muku mutum kusan 3,000 a safiya guda, kuma shugaban da ya yi sakaci bayan wannan ba za a yafe masa ba. Amma zargi abin bincike ne, kuma masu binciken makamai na Majalisar Ɗinkin Duniya suna cikin Iraƙi a lokacin, shugabansu Hans Blix na roƙon a ƙara musu watanni. Ko alƙalin ƙauye ba ya yanke hukunci da "an ce".

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Zarƙawi, ɗan ta'addan nan ɗan ƙasar Jordan. Powell ya kira shi gadar da ta haɗa Saddam da Usama, amma rahoton Majalisar Dattawanku na 2006 ya nuna Saddam neman kama shi ma yake yi. Da Paul Bremer, wanda ka naɗa ya mulki Iraƙi bayan mamayar, ya rusa rundunar sojan Iraƙi, ya sallami dubban ɗaruruwan mutanen da suka iya bindiga ba aiki ba albashi, sai Zarƙawi ya sami fili. A 2004 ya yi wa Usama mubaya'a. Daga ƙungiyarsa Da'ish ta tsiro, ta kama Mosul a 2014, a Maris 2015 Shekau ya yi mata mubaya'a. Mutanen Diffa da Bosso sun san sauran labarin. Garin gyaran gira ka tsone ido, alaƙar da ka tafi tsinkewa yaƙinka ne ya ƙulla ta.

Na ji yanzu zanen hotuna kake yi, har da na sojojin da suka dawo da raunuka. Allah ya ba su lafiya. Roƙona ɗaya ne, ranka ya daɗe: ka sake tsayawa gaban kyamara ka maimaita maganar nan ta Dallas, wannan karon kada ka gyara ta.

Naka,
Wani malamin makaranta,
Damagaram