Tagar imel ta ƙanƙance? Kada a yi gaggawar wanke kwamfuta

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da 'yan uwana mazauna Legas waɗanda abincinsu ya rataya a kan imel: masu fitar da kaya a Apapa da Tin Can, 'yan canji, sakatarorin ƙungiyoyin kasuwa a Mile 12, da samarin da ke zaune a shagunan buga takardu a Agege da Idi-Araba. Akwai wata 'yar matsala da ke jawo wa mutane asarar da ba ta kamata ba. Mutum ya kunna kwamfuta da safe ya buɗe manhajar imel ta Outlook ko Thunderbird, sai tagar ta fito 'yar mitsitsiya a kusurwa kamar kwalin ashana, ko ta fito ƙatuwa har wurin latsa Send ya nutse ƙasan sikirin, ko kuma ga alamar manhajar a layin ƙasa amma ita kanta tagar ko sama ko ƙasa. Sai a saɓi kwamfuta, a sha cunkoson hanya zuwa wurin mai gyara, a ce masa bairos ne, sai an wanke ta gaba ɗaya, wato a goge komai a sake sa mata Windows.

Nan ne abin yake ci mini rai. Wanda aka saita imel ɗinsa a tsarin POP, wato mai sauke wasiƙu ya ajiye su a kan kwamfuta, sau da yawa wasiƙunsa na shekaru suna zaune ne cikin fayil guda mai ƙarshen .pst a kan kwamfutar, galibi a foldar Outlook Files da ke cikin Documents. In aka wanke ba a kwashe shi ba, rasitai da takardun kaya da adireshin abokan ciniki sun tafi ke nan. Garin neman gira an rasa ido. Alhali kuwa girman taga wasu 'yan lambobi ne guda huɗu da manhajar take rubuta wa kanta: nisa daga hagu, nisa daga sama, faɗi, da tsawo. Tana rubuta su a lokacin da aka rufe ta, ta karanta su in an sake buɗewa. Duk ciwon yana tsakanin wannan rubutawa da wannan karantawa.

Shi ya sa ɗauke wuta ke da hannu dumu-dumu a ciki. Kwamfutar tebur da ba ta da UPS, wato batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, in wuta ta tafi sai ta mutu nan take, manhajar ba ta samu ta rubuta komai ba, ko ta rubuta rabi. Ga kuma laftof da aka jona wa babban sikirin a ofis: wuta ta ɗauke, babban ya mutu, laftof ta ci gaba da batir. Windows sai ta ga sikirin guda ya ɓace, ta tattaro tagogin duka ta cusa su a ƙaramin. Kafin a tada janareta mutum ya rufe Outlook a haka, ita kuwa ta riƙe wannan matsattsen girman a matsayin abin da maigida yake so.

To ga abin da za a fara yi, kuma shi ke warkar da mafi yawan cutar. A buɗe manhajar. Kada a latsa alamar cika sikirin da ke kusa da X, kada kuma a ja tagar zuwa can saman sikirin har ta cika da kanta. A kai linzami kusurwar tagar har ya zama kibiya mai kai biyu, a ja da hannu har ta kai girman da ake so, a bar ɗan sarari kamar faɗin yatsa a gefe. Sannan a rufe ta File, a zaɓi Exit. Dalilin ja da hannu shi ne Windows tana bambanta girman taga na ainihi da yanayin cika sikirin. Wanda ya cika sikirin ya rufe, ƙaramin girman nan na nan a ƙarƙashi yana jira. Bayan an rufe a danna Ctrl da Shift da Esc tare, a duba ko Outlook tana nan maƙale a jerin abubuwan da ke gudana. In ta maƙale a ɗan jira ta fita da kanta, domin wadda aka kashe da ƙarfi ba ta tuna komai.

Tagar rubuta wasiƙa tana da nata ƙwaƙwalwar daban da babbar taga, mutane da yawa ba su lura da wannan ba. A buɗe sabuwar wasiƙa guda ɗaya tak, a rufe duk sauran da ke buɗe, a ja ta zuwa girman da ake so, a rufe ta, sannan a rufe manhajar. Wadda aka rufe daga ƙarshe ita ake tunawa. Wanda ke barin wasiƙu bakwai a buɗe ya kashe kwamfuta, shi ke rikita kansa.

In kuwa kullum a naɗe take buɗewa a layin ƙasa, a duba alamar da ake latsawa a kan fuskar kwamfuta. A latsa ta da ɓangaren dama na linzami, a shiga Properties, a nemi layin da aka rubuta Run. Zaɓi uku ne a ciki: Normal window, Minimized, Maximized. Wani lokaci hannun wani ne ya gifta ya mayar da shi Minimized. Aikin daƙiƙa goma ne.

Tagar da ta ɓace gaba ɗaya ita ta fi tayar da hankali, kuma ita ce ake yawan laƙaba wa bairos. Tana nan lafiya lau, tana zaune ne a sikirin na biyu da aka riga aka cire, ko majigin da aka jona jiya a wurin taro. A latsa alamarta a layin ƙasa, a riƙe maɓallin Windows da Shift, a danna kibiyar hagu ko ta dama. Sau da yawa nan take za ta faɗo. In ta ƙi, a danna Alt da dogon maɓallin tazara, sannan harafin M, sannan kibiya ko wace ce sau ɗaya, sai a motsa linzami. Tagar za ta manne masa ta biyo shi kamar akuya da igiya, a latsa a ajiye ta. Daga nan a danna Windows da P a zaɓi PC screen only, don kwamfutar ta daina zaton akwai wani sikirin a gefe. Masu Windows 11 su shiga Settings, System, Display, su buɗe Multiple displays, su sa alama a layin da ya fara da Remember window locations. An yi shi ne musamman don masu jonawa da cirewa.

Sai batun ma'aunin sikirin, wanda a ganina ya kamata duk mai sayen laftof ta hannu a Computer Village, kasuwar kwamfutoci ta Ikeja, ya fahimta. Da yawa daga tsofaffin laftof ɗin nan ɗigon sikirinsu 1366 ne a faɗi, 768 a tsawo. In aka ƙara girman rubutu zuwa kashi 125 saboda ido, filin da ya rage wa manhaja bai wuce kamar 1093 da 614 ba. Tagar da aka saita a babban sikirin mai 1920 da 1080 ba za ta shiga wannan fili ba ko ana ha maza ha mata, dole ƙasanta ya nutse. Shi ma babban, in aka kai shi kashi 150, ya koma kamar 1280 da 720. A shafin Display ɗin nan a duba Scale da Display resolution, a bar kowanne a kan wanda aka rubuta wa Recommended, a fita daga asusun kwamfutar a sake shiga. In lambar da ta dace da sikirin ba ta ma cikin jerin, a buɗe Device Manager a duba Display adapters. Ganin Microsoft Basic Display Adapter a wurin na nufin ba a sa direban hoto ba, wato manhajar da ke sarrafa sikirin, kuma yawanci bayan wanke kwamfuta ne hakan ke faruwa. Gyaran gangar Auzinawa ke nan: an wanke don taga, an dawo da sikirin da ya fi na da lalacewa. A kuma duba wayar VGA, mai shuɗin kan nan. A haska cikin kanta da fitilar waya. Haƙori guda da ya lanƙwashe ko ya karye ya isa ya hana kwamfuta gane girman sikirin.

Kada a haɗa wannan da rubutun cikin wasiƙa da ya yi ƙanana ko manya alhali tagar tana daidai. Wannan hannu ne ya riƙe Ctrl yana murza tayar linzami. A sake riƙewa a murza baya. Masu buɗe Gmail ko Yahoo a Chrome su danna Ctrl da sifili, in kuma saman shafin ya ɓace baki ɗaya su danna F11.

Idan an bi duk waɗannan tagar ta ci gaba da taurin kai, to rubutun da manhajar ta ajiye ne ya lalace, sai a share mata shi ta rubuta sabo. A Thunderbird abin mai sauƙi ne. A shiga Help, a buɗe Troubleshooting Information, a nemi Profile Folder a latsa Open Folder. A rufe Thunderbird gaba ɗaya tukuna, wannan sharaɗi ne, in ba haka ba za ta mayar da tsohon. A nemi fayil mai suna xulstore.json, a canza masa suna zuwa xulstore.old maimakon a goge. Da an buɗe za ta ƙirƙiri sabo. Wasiƙu ba sa cikin wannan fayil, abin da kawai za a rasa shi ne wasu gyare-gyaren shimfiɗar taga. Sauran abubuwan da ke foldar a ƙyale su, musamman Mail da ImapMail, domin nan dukiyar take.

A tsohuwar Outlook, wato wadda ke zuwa da Office, a fara gwada danna Windows da R, a rubuta outlook.exe /safe. In ta buɗe daidai a haka, to wani ƙarin abu da aka liƙa mata ne ke hana ta rufewa da kyau, a cire su ɗaya bayan ɗaya a Add-ins. In ginshiƙin foldoji na hagu ne ya karkace, outlook.exe /resetnavpane zai miƙe shi. Mataki na ƙarshe yana cikin rajistar Windows, wato ma'ajiyar da Windows ke adana saite-saitenta, kuma a nan ina roƙon wanda hannunsa bai saba ba ya kira wanda ya saba ya tsaya a kansa. A rufe Outlook, a danna Windows da R a rubuta regedit, a bi HKEY_CURRENT_USER, Software, Microsoft, Office, 16.0, Outlook. Lambar 16.0 ta Office 2016 ce da duk waɗanda suka biyo baya. Ta 2013 ita ce 15.0, ta 2010 kuma 14.0. A latsa Outlook da dama a zaɓi Export don a ajiye kwafi. Sannan a shiga Office Explorer a goge abu guda ɗaya mai suna Frame. Na tagar wasiƙa kuma yana cikin Message da wannan sunan. Shi kaɗai, kada a taɓa na kusa da shi. Sabuwar Outlook da ke zuwa da Windows 11 gininta daban ne, wannan matakin bai shafe ta ba.

Ga 'yan uwana masu gyara kuwa, na san wanke kwamfuta ya fi kawo kuɗi a kan danna maɓalli uku, na kuma san kuɗin shago a Ikeja ba wasa ba ne. Amma amanar mutum ce a hannunku. In har wankin ya zama dole saboda wani dalili na gaskiya, a tambayi mai kaya wane irin imel yake da shi, a kwafe masa fayil ɗin .pst ko foldar Thunderbird da ke cikin AppData zuwa filash, a buɗe a gabansa ya ga wasiƙunsa da idonsa, sannan a fara aiki.

Na gode, Malam Edita. Allah Ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Daga mai karanta jaridarku,
Agege, Legas