Rahoton ayyukan shekarar 2024 ga 'yan ƙungiyarmu ta masu gidajen renon yara

Assalamu alaikum. Hajiya shugaba, iyayenmu masu ba da shawara, da 'yan'uwa masu gidajen reno, barkanmu da ganin ƙarshen shekara.

Lissafin kuɗi dalla-dalla yana hannun ma'aji, ita za ta karanta shi ranar taro, kuma littafin a buɗe yake ga mai son dubawa. Ni nawa shi ne in faɗi abin da muka yi da inda muka yi tuntuɓe.

Kowacce ta san yadda shekarar ta zo mana. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi, kayan masarufi suka bi bayansa, har a watan Oktoban da ya wuce litar fetur ta haura N1,000. Iyayen yaranmu kuwa yawancinsu malaman makaranta ne da ma'aikatan jinya da masu ƙananan sana'o'i. Kina ƙara kuɗin wata, sai uwa ta ɗauke ɗanta ta kai shi gidan kakarsa. Tunda ƙari ba zai yiwu ba, sai muka koma neman ragi a wajen sayayya.

Babban aikinmu shi ne sarin hatsi. A da kowacce mudu-mudu take saye a shagon unguwa, a farashin da mai shago ya wayi gari da shi. Bana muka tara kuɗi, wakilanmu suka tafi Dawanau suka sayo gero da masara da waken soya da gyaɗa da wake, buhu-buhu. Mota ɗaya, 'yan dako sau ɗaya, mai niƙa ɗaya da muka daidaita da shi. Aka soya, aka niƙa, aka auna wa kowane gida garin kununsa gwargwadon abin da ya zuba. Wadda ta kwatanta da sayen mudu ta ga bambanci, ba sai na yi dogon bayani ba.

Amma sarin farko mun makara, kuma laifinmu ne. An yi alkawarin kuɗi zai cika da kaka, lokacin da hatsi yake araha. Bai cika ba sai dab da azumi, wanda ya kama a watan Maris, lokacin da kowane gida a Kano yake neman geron kunu. Ragin da muka je nema mun bar rabinsa a kasuwa. Waɗanda suka biya da wuri sun ji haushi, kuma suna da gaskiya: kuɗinsu ya kwanta yana jiran na wasu, gero yana ta hawa. Sari na biyu, na wannan kakar, ya fi kyau, don mun tafi da abin da ya samu ba mu tsaya jiran kowa ba.

Sai batun wake. Mun ajiye shi a buhu na gama-gari a ɗakin ajiyar ɗaya daga cikinmu. Ranar da muka je rabo da bazara na zura hannu cikin buhun, sai gari ya biyo yatsuna, ƙwari suna ta yawo a bakin ɗinki. Wata ta ce a zuba magani a sauran, muka ƙi, don abincin jarirai ne. Yanzu mun koma buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje. In an matse iska an ɗaure kowace leda daban, ƙwarin mutuwa suke yi ba tare da magani ba. Sharaɗinsa ɗaya ne: kada a riƙa buɗewa ana ɗiba kullum, kuma a tsare shi daga ɓera.

Pampas da sabulu da omo katan-katan muke saro su a kasuwar Singa. Nan ma an samu sauƙi, sai dai karon farko mun cika sayen ƙaramin lamba, alhali yawancin yaranmu masu rarrafe ne. Yanzu kowane gida yana rubuto lambar da yake so kafin a tafi. Amfanin ajiya ya fito fili a farkon Agusta, da aka yi zanga-zanga aka sa dokar hana fita: da muka sake buɗewa, babu gidan da ya rasa abin dama wa yara.

Abin da ni a ganina ya fi hatsin ma amfani shi ne mai reno ta taimako da muke biya tare. A da in ma'aikaciyarki ta haihu ko aka yi mata rasuwa, ko dai ki rufe, ko ki goya ɗaya ki rungumi ɗaya sauran suna kuka. Yanzu waya kawai za ki yi. Rigimar da ta taso ita ce ranar da gida biyu suka kira ta lokaci guda, muka yanke cewa gidan da ya fi jarirai shi ne a gaba. Batun albashi kuwa yana nan. Gwamnatin tarayya ta mai da mafi ƙarancin albashi N70,000 a watan Yuli, Kano ta sa N71,000. Dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, amma masu renonmu kasuwa ɗaya suke shiga da ma'aikatan gwamnati. Shawarar kwamiti ita ce wani kaso na ragin da aka samu ya tafi wajensu, in ba haka ba ƙwararrun cikinsu za su gudu.

Firiza mai sola da aka so a saya a yi tarayya an fasa. Gidajenmu sun yi nisa da juna, kuɗin A Daidaita Sahu zuwa ɗauko kifi zai cinye ribar.

Mun yi zama biyu da wata ma'aikaciyar jinya mai ritaya kan shaƙewar yaro da haɗa ruwan gishiri da sukari. Tun ɓarkewar mashaƙo a 2023 muka amince ba a karɓar yaro sai da katin riga-kafi, amma har yanzu akwai gidajen da suke jin nauyin tambaya. A daina jin nauyi, don Allah.

Takardun rajistar ƙungiyar gama-kai suna hannun shugaba. Da zarar sun fito za mu buɗe asusun banki mai sa hannun mutum biyu, ma'aji ta huta da ajiye kuɗin jama'a a asusunta.

Ranar taro za a kaɗa ƙuri'a kan abu biyu: ranar rufe karɓar kuɗin hatsi, da kason masu reno. Kowacce ta zo da littafin gidanta da adadin yaran da take sa ran samu bayan hutu.

Wassalam.
Sakatariya