Wasiƙa daga Agege kan makunnin rage haske

Agege, Legas.

Zuwa ga aminina Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina taya ka murnar ƙaruwar da aka samu. Allah ya raya mana ita, ya ba mai jego lafiya. Ka gaishe min da Baba da Inna.

Saƙonka ya iso ni, cewa hasken ɗakin mai jego yana tayar da jaririya da dare, kana so ka sa makunnin rage haske, wanda mu masu aikin wuta muke kira dima. Ka yi dabara. Sai dai kafin ka nufi kasuwa, fara duba ƙwan da ke ɗakin, don a nan mutane suka fi tafka asara.

Ni ma ya taɓa faruwa da ni. Bara na sa wa wani Alhaji dima a falonsa a Idi-Araba, kayan kuma daga kasuwar Alaba na sayo su. Haɗi ya yi daidai, amma da na murɗa sai ƙwan ya shiga ƙyaftawa, makunnin yana kuka kamar sauro. Ashe dimar irin ta dā ce, wadda aka yi don ƙwai mai zare, mai wat 60 ko 100. Irinta tana son kaya mai ɗan nauyi, kamar wat 40 zuwa sama, alhali ƙwan LED ɗin falon wat 9 kawai yake ja. Ka san wutar gidajenmu bolt 230 ce, tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa ɗaya, ita kuwa dima aikinta ta datse wani yanki na kowane kai-komo. Ƙwai mai zare bai damu da haka ba, dushewa kawai yake yi. Shi LED akwai 'yan na'urori a gindinsa, in ba don haka aka ƙera su ba sai su rikice, ƙwan ya mutu da wuri. Saboda haka nemi ƙwan da aka rubuta "dimmable" a kwalinsa, wato wanda ake iya rage haskensa, dimar ma ta zama ta LED. Lanƙwasasshen farin ƙwan nan kuwa, kada ma ka gwada shi.

Wajen haɗawa, don Allah Sani, kada ka dogara da cewa NEPA sun ɗauke wuta, ba sa sallama in za su dawo da ita. Kashe bireka, wato makunnin da ke yanke wutar gidan, ka kashe janareta da inbata in akwai, sannan ka taɓa wayoyin da tasta, wato abin gwada ko akwai wuta, tastar da ka riga ka gwada a soket mai wuta. Ɗauki hoton tsohon makunnin da wayarka kafin ka kwance komai. Wayoyi biyun da ka tarar a cikinsa su za su koma sabon: mai kawo wuta a ramin da aka rubuta C ko L, mai tafiya wurin ƙwai a L1, amma ka bi zanen da ke takardar cikin kwali. A ƙa'ida mai wuta ja ce ko ruwan ƙasa, nutural, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, baƙa ko shuɗiya, mai kore da rawaya kuma ta ƙasa ce, wadda dole ka ɗaura a fuskar makunnin in ta ƙarfe ce. Amma launi kan yaudari mutum. Na sha shiga tsofaffin gidaje a nan Legas na tarar an sa makunni a kan nutural, fitila a kashe amma wuta na nan a mazaunin ƙwai. In ka ga haka, tsaya ka kira mai aikin wuta.

Ka matse sukurori sosai, sakakkiyar waya ita ke yin zafi har ta ƙone. Kada kuma ka haɗa fanka da dimar, fanka da nata makunnin. In kana kan ƙaramin janareta ka ga haske yana rawa, yawanci wutar janaretan ce ba ta daidaita ba.

Turo min hoton ƙwan da na cikin akwatin bango, in ga ko zurfinsa zai ɗauki dima, don ta fi makunni kauri. In ya yi, zan saya in ba wani ɗan unguwarmu da zai taho Kano mako mai zuwa.

Naka har kullum,
Habu