Adaka daban, Kalashinkof daban

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku kan bazuwar makamai a yankin Sahel, kuma na ƙaru. Sai dai ɗaya daga cikin baƙinku ya yi wa adakar maharba da Kalashinkof kuɗin goro, ya ce a kwashe su duka. Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin ni a gidan maharba na tashi.

Adaka ta baki ake ɗura ta. Sai ka tsai da ita, ka auna albarushi ka zuba, ka tura tsumma ka danna da sandar ƙarfe, sannan ka sa dalma, ka sake tushewa, ka gyara wurin kama wuta. Duk wannan wahala don harbi ɗaya tak. Ƙwararren soja ma a zamanin da ake yaƙi da irinta bai wuce harbi biyu ko uku a minti guda ba. Da ka harba, farin hayaƙi ya turnuƙe ka. Cikin bututun sumul yake, shi ya sa dalmar ke kaucewa da an ɗan yi nisa, kuma in damina ta jiƙa albarushin, sanda ce kawai a hannunka.

Kalashinkof kuwa, da aka ƙera a Rasha a 1947, harsashinta a haɗe yake zuwa, gidan harsashi ɗaya na cin 30, kuma tana iya zazzage su cikin ƴan daƙiƙu.

Mu mutanen Damagaram ai mun san wannan bambanci tun kaka da kakanni. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya tara bindigogi, ya sa ana haɗa albarushi da ƙera igwa a nan garin, har maƙwabta suka riƙa shakkarmu. Amma a yaƙin Tirmini, kusa da Damagaram, a 1899, dakarun Sarki Amadu Kuran Daga sun gamu da sojojin Faransa masu bindigogin da ake sa wa harsashi ta baya. Jarunta ba ta yi ƙaranci ba, wallahi. Kafin namu ya gama ɗuri, nasu ya harba sau da dama.

Ban ce adaka ba ta da haɗari ba. Tana kisa, kuma sau da yawa mai riƙe da ita take fara ci. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne samarin da ke cika ta da albarushi don ƙararta ta fi ta kowa ranar hawan Salla, ko su fasa harsashin zamani su zuba garinsa a ciki. Garin nan marar hayaƙi ƙarfinsa ya fi abin da bututun maƙeri zai ɗauka, sai ya tarwatse ya tafi da yatsu ko ido. Akwai kuma mai yin ɗuri sau biyu bisa mantuwa, da mai zuba albarushi alhali tartsatsi bai mutu a ciki ba.

Don Allah ku ware shiri guda a kan wannan. Ku gayyato sarkin maharba da maƙeri da likita, su yi bayani da Hausa, kafin babbar Salla ta zo.

Naku mai sauraro,
daga unguwar Birni, Damagaram