Wasiƙar ƙorafi ga kamfanin da ya kai ni Serengeti bayan garken ya wuce

Zuwa ga Manajan Darakta,

Assalamu alaikum.

Ranar Alhamis 9 ga Janairun 2025, da ƙarfe 4:12 na yamma, ka turo mini saƙon murya ta WhatsApp. Na rubuta shi yadda ka faɗe shi, don kada a ce na ƙara gishiri: "Hajiya, mu fa ba mu muke kiwon dabbobin nan ba. Kin ga zaki, kin ga giwa, kin dawo gida lafiya, ai sai ki gode wa Allah. Wasu ko Yankari ba su taɓa leƙawa ba. Don Allah a bar maganar nan haka." Tun daga ranar ba ka ƙara ɗaga wayata ba, in an je ofis kuma kullum Oga ya fita. Shi ya sa na kawo maganar bainar jama'a. Ban kama sunan kamfaninku ba saboda lauya ya ce in dakata tukuna, amma kun san kanku.

Alhaji, na haifi kamarka, ba kai za ka koya mini godiyar Allah ba. Maganar da ke tsakaninmu ta ciniki ce, kuma ciniki yana da takarda.

Ni malamar labarin ƙasa ce, na yi ritaya. Tsawon aikina ina zana wa ɗalibai taswirar Gabashin Afirka a allo, ina nuna musu yadda nyumbu, naman dajin nan mai gemu da ya ɗan yi kama da gwanki, ke zagaye tsakanin Serengeti a Tanzaniya da Masai Mara a Kenya. Da na ajiye alli sai 'ya'yana suka haɗa kuɗi, suka ce Mama ta je ta ga abin da idonta, autana ya raka ni. Ranar 11 ga Maris na bara muka ba ku dala 3,000 kafin alƙalami, cikin Mayu muka cika sauran. Jimilla dala 9,400 mu biyu. Takardar da kuka buga wa hatimi ta ce za mu tashi ranar 14 ga Agusta, ƙaramin jirgi ya ɗauke mu daga Arusha zuwa Kogatende a arewacin Serengeti, mu yi kwana uku a sansanin tantuna kusa da Kogin Mara, da mota tamu mu kaɗai mai rufin da ake ɗagawa, sannan a shiga da mu Masai Mara wuni guda. A saman takardar, da manyan baƙaƙe, kun rubuta cewa tafiyar ganin tsallaken kogi ce.

Tun da ka ce ba ku kuke kiwon dabbobin ba, bari in gaya maka wanda ke kiwon su: ruwan sama. Daga Disamba zuwa Maris garken yana kudu, a filayen gajeriyar ciyawa na wajen Ndutu, inda tokar duwatsu masu aman wuta ta sa ƙasa ta wadata da sinadaran da mai shayarwa ke bukata. A can suke haihuwa, kusan 'yan maruƙa rabin miliyan cikin 'yan makonni a wajen Fabrairu. Idan babbar damina ta ɗauke a wajen Mayu, filayen suka bushe, sai su nausa yamma da arewa, su ratsa yankin Kogin Gurumeti, su isa Kogin Mara wajen Yuli. Mara daga dajin Mau na Kenya yake tasowa ya faɗa Tafkin Biktoriya, kuma ba ya ƙafewa da rani, shi ya sa suke rabewa a gefensa har Oktoba, suna tsallakawa su dawo gwargwadon inda hadari ya zuba. A nan ne ake ganin abin da kuke tallatawa: dubban dabbobi suna dirowa daga gaɓa, kadoji suna jira, ruwa yana tafiya da wasu. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya ƙiyasta cewa fiye da 6,000 ne ke nutsewa a kogin duk shekara. Da gajeriyar damina ta sauka a kudu wajen Nuwamba, sai su juya. Garken da aka daɗe ana ƙiyasta shi da kusan miliyan 1.3, ban da jakunan dawa da barewa, ba ya ɓacewa kamar allura. Ko Bafulatanin da ke kawo mana nono ya san ba a neman shanu da rani a inda suka yi damina.

Na kuma san ko a Agusta ba wanda ke da tabbas. Mutum kan wuni a bakin kogi, garken ya taru har ya cika gaɓa, sannan ya fasa ya juya. Da kun kai ni Kogatende a ranar da muka yi da ku, na zauna na jira ban ga komai ba, wallahi da ba ku ji bakina ba. Wannan ita ce ƙaddara. Abin da ya same ni kuwa aikin hannunku ne.

Mai fasfon Nijeriya ba ya samun bizar Tanzaniya a filin jirgi. Sai an tura takardunsa hukumar shige da fice ta ƙasar ta duba ta amince, kuma abin yana cin makonni. Duk mai sayar da tafiyar Tanzaniya ga 'yan Nijeriya ya san da haka, ko ya kamata ya sani. Tun cikin Mayu yaranku suka karɓi hotunan fasfonmu da katin allurar shawara. Muna tambaya ana cewa ana kai, Mama, ana kai. Sai daga baya, da takardar ta zo hannunmu, muka ga ranar da aka shigar da buƙatar: 29 ga Yuli. Kwana goma sha shida kafin tashi. Aka ɗage zuwa Satumba, aka sake ɗagewa zuwa wani lokaci a Oktoba da ba a ma ba mu rana ba, har dai aka tsaya a kan 24 ga Nuwamba.

Ranar Litinin 18 ga Nuwamba na zo ofishinku da kaina. Kana zaune, ka sa aka kawo mini ruwa. Na ce maka Alhaji, lokacin ya wuce, a bar tafiyar sai baɗi, ko a mayar da ita Fabrairu in je Ndutu in ga haihuwa. Ka yi dariya ka ce, "Hajiya, wannan karatun littafi ne. Mutanenmu na can sun ce bana damina ta yi jinkiri, har jiya suna tsallakawa." Ka juyo mini da wayarka ka nuna mini bidiyo. Ka ƙara da cewa in na fasa, kuɗin sansani da na jirgi sun tafi, ba a dawo da su. Autana yana wurin, sakatariyarka ma tana wurin.

To ga abin da ya hana ni barci tun da na dawo. Da muka sauka filin jirgin Kilimanjaro, takardar da direba ya riƙo ba Kogatende a cikinta ko sau ɗaya. Masauki ne a wajen Seronera, tsakiyar Serengeti, kuma ranar da aka kama ɗakin tana jikin takardar: 6 ga Nuwamba. Wato kwana goma sha biyu kafin ka dube ni ka ce har jiya suna tsallakawa, kun riga kun ɗauke mu daga bakin kogi kun mayar da mu inda garken kan bi in ya juyo kudu. Ashe kun san kalandar dabbobin sarai. Kun san ta lokacin da za ku rage wa kanku kashe kuɗi, sai da aka zo maganar haƙƙina kuka manta.

Ƙaramin jirgi kuwa ko inuwarsa ba mu gani ba, bayan kun sa mun sayi jakunkuna masu laushi, mun rage kaya zuwa kilo 15 wai ƙa'idar jirgin ke nan. A mota muka tafi, ta Karatu, mu hau gefen Ngorongoro, mu gangara zuwa ƙofar Naabi, kusan wuni guda a kan hanya mai gargada, mace mai ciwon baya. Motar da aka ce tamu ce mu kaɗai, mu bakwai ne a ciki. Direban dai mutumin kirki ne, Musulmi, shi ya riƙa tsaya mana mu yi salla, shi ya yi magana da masu dafa abinci a kanmu. Da na tambaye shi tsallaken kogi sai ya yi shiru, can ya ce sansanonin arewa da yawa sun riga sun naɗe tantunansu za su koma Ndutu. Ba zan ɓoye ba, mun ga zakuna, mun ga dorina, mun ga dogon jerin nyumbu suna tafiya kudu cikin yayyafi, kuma abin ya yi kyau. Amma ba shi aka sayar mini ba, ba kuma kuɗinsa na biya ba.

Sai maganar Kenya. Kun caje mu dala 400 na shiga Masai Mara, dala 200 kowanne, wanda shi ne kuɗin da gundumar Narok ke karɓa daga baƙi tsakanin Yuli da Disamba. Ba mu taka Kenya ba. Abin da ya fi wannan muni, ko a Agustan ma ba yadda za a yi wannan wuni guda ya yiwu yadda kuka kwatanta mana, cewa gada ce kawai za a haye. Iyakar da ke tsakanin dazuzzukan biyu ba a buɗe take ga motocin masu yawon buɗe ido ba, sai an fita an zaga ta Sirari da Isebaniya an buga fasfo. Wanda ya rubuta wannan tsarin ko dai bai taɓa zuwa wurin ba, ko ya tabbata mu ba za mu gane ba.

Ga lissafina, daga takardarku na ɗauko shi. Jirgin da ba mu hau ba, dala 1,400. Kenya, 400. Ƙarin kuɗin mota ta musamman, 600. Sansanin Kogatende kun rubuta 3,300, masaukin da aka kai mu kuwa farashinsa a lokacin dala 260 ne kowane dare mu biyu, saura 2,520. Duka dala 4,920. Cikin Disamba wata yarinya daga ofishinku ta kira ta ce kamfani ya tausaya, za a rage mini naira 150,000 idan zan yi Umara da ku. Na ce ta maimaita, ta maimaita. Ban yi mata faɗa ba, aike ne.

Ina neman dala 4,920 ɗin nan su dawo asusun da suka fito, da dala, kafin ƙarshen Fabrairu. Ina neman wasiƙa mai sa hannunka da ke cewa jinkirin biza daga ofishinku ne, domin kun gaya wa babban ɗana wai mu muka makara kawo takardu, har ya zo yana tambayata. In wa'adin ya cika ba ku yi ba, takardun za su tafi hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya, FCCPC, da ƙungiyar kamfanonin tafiye-tafiye ta NANTA, a lokacin kuma da sunanku a kai.

Amma yanzu abin ya wuce kuɗina. Jiya jikata ta nuna mini shafinku na Instagram. Bidiyon nan da ka nuna mini a ofis, shi ne dai kuka sake ɗorawa, kadoji da ƙura da komai, an rubuta a ƙasa wai garaɓasar hutun Ƙaramar Salla. Sallar bana, ta 2025, a ƙarshen Maris za ta faɗo, lokacin garken yana can kudu da 'yan maruƙansa, babbar damina tana shigowa, ba abin da ke tsallake Kogin Mara sai dorina. Kun gano cewa mutanenmu ba su san wannan ƙasar ba, kuma in an cuce su kunya takan hana su magana, musamman tsofaffi da mata, sai a ce musu su yi haƙuri su bar wa Allah. A kan wannan haƙurin kuka gina kasuwarku. Ina so ku sauke wannan tallar, ku kuma kira duk wanda kuka karɓi kuɗinsa a kanta ku gaya masa gaskiya.

Wanda kuma ya riga ya ba da kafin alƙalami na tafiyar Salla, kada ya ƙara ko sisi sai an rubuta masa sunan sansanin da zai kwana, da yankin da yake, an kuma nuna masa rasit mai ɗauke da ranar da aka shigar da bizarsa.

Wassalam,
Malamar labarin ƙasa mai ritaya, Zariya.