Gasar masu ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta ta iso kasuwannin Kano

Assalamu alaikum, Malam Edita. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini in ja hankalin masu sayen laftof a Kano, musamman ɗalibai da iyayen da ke biyan kuɗin.

Shekara da shekaru, wanda ya je Titin Beirut sayen laftof abu ɗaya yake tambaya: i5 ce ko i7? Waɗannan sunayen furosesa ne, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, na kamfanin Intel, wanda a lokacin shi ne ke cin karensa ba babbaka. AMD ya fito da Ryzen a 2017, Apple ya rabu da Intel ya fara sa nasa furosesan M1 a 2020, sai Qualcomm ya shigo da Snapdragon X a 2024. Yanzu kokawar tasu ta koma kan wanda zai yi aiki da wuta kaɗan, bai yi zafi ba. Wannan kuwa mu ya fi shafa, don a garin da wuta ba ta zama, zafin Afrilu ya wuce digiri 40, batirin da zai kai ka la'asar ya fi gudun da ba ka buƙata.

Sai dai mafi yawanmu na hannu muke saya, kuma a nan ake cin amanar mutane da takardar da ke liƙe kusa da madannai mai nuna i5 ko i7. A bar takardar. A kunna na'urar, a shiga Settings, sai System, sai About, a karanta cikakken sunan furosesan. Lambar farko bayan ƙaramin layi ita ce zubinsa, wato matsayinsa a jerin fitowa (daga zubi na goma kuwa, lambobi biyun farko ne). i7-7500U zubi na bakwai ne, injina biyu gare shi a ciki. i5-8250U zubi na takwas ne, injinansa huɗu, don haka ya fi wancan aiki duk da sunansa ya fi ƙanƙanta. Sau da yawa kuma na bakwan ake tsuga wa kuɗi saboda i7 ɗin. Akwai wani dalilin: Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa daga zubi na takwas take karɓa a hukumance. Wanda ya sayi na bakwai a yau ya sayi abin da aka riga aka yaye.

Harafin ƙarshe ma yana magana. U yana cin wuta kusan wat 15, ya dace da rubutu, intanet da karatu. H yakan kai wat 45, na masu zanen gini ne da haɗa bidiyo, amma yana shan batir, fankarsa ba ta hutawa. Idan ƙurar hunturu ta toshe masa mafitar iska, man da ke tsakaninsa da ƙarfen sanyaya ya bushe, da kansa zai rage gudu don kada ya ƙone, mai shi ya ɗauka cuta ce ta shiga. Busa ƙurar da canza man sau ɗaya a shekara ya isa.

Sababbin da gasar ta haifa kuwa suna da nasu tarkon. A Apple M da Intel Core Ultra 200V, RAM ɗin, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, a manne yake da furosesa, ba mai gyaran da zai ƙara maka shi. In ka sayi mai gigabait 8, da shi za ka zauna. Snapdragon yana riƙe caji sosai, amma gininsa daban ne da na Intel da AMD, saboda haka tsohuwar firinta ko na'urar ɗaukar hoton yatsa na iya ƙin aiki da shi idan kamfaninta bai fitar da manhajar da ta dace ba. Masu shagon buga takardu da rajista su je da na'urarsu a jona a gabansu kafin su biya.

Ina kira ga 'yan'uwana 'yan kasuwa su riƙa rubuta cikakkiyar lambar furosesa a kan rasit.

Naku,
Wani mai gyaran kwamfuta,
Titin Beirut, Kano.